Darasi: Wutar Sola a Gida, Ribarta da Lissafinta

Wutar da ake kawo mana a Jega da Aliero da Maiyama ba daga kusa take tasowa ba. Akasarinta daga madatsar ruwa ta Kainji take, wadda aka kammala a 1968. Daga can babban layi yake ɗauko ta, ya ratso jihar Kebbi daga kudu har tashar Birnin Kebbi, inda ake rage mata ƙarfi a rarraba wa garuruwa, wata ta wuce Sakkwato, wata ma ta tsallaka iyaka zuwa Yamai. Tun watan Disamba na 2014, bayan da gwamnati ta miƙa wa 'yan kasuwa harkar rarraba wuta, kamfanin Kaduna Electric ne ke riƙe da Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna. Ku lura da tsawon wannan hanya. Duk inda aka samu tangarɗa tsakanin Kainji da turken ƙofar gidanka, kai ne za ka kwana a duhu. A watan Satumba na 2023 gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi ta ƙone manyan taransifoma, garuruwa barkatai suka rasa wuta a lokaci guda. Wannan babba ke nan. Ƙananan kuwa kowa ya san su: iskar farkon damina ta kayar da turke, ko taransifomar unguwa ta ƙone a shafe watanni ana karo-karo.

A da, in an ɗauke wuta sai mai hali ya ja igiyar janareta. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Wutar layin ma ba ta tsaya yadda take ba. Hukumar kula da harkar lantarki ta kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a yini zuwa rukunin E mai awa 4, kuma a Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225. Shi ya sa yanzu in ka ɗaga kai a cikin Jega kake hango farantai masu sheƙi a kan rufin kwano, a gidajen da shekaru biyar baya ba a ko zancensu.

Wannan darasi ba kira ba ne kowa ya ruga kasuwa. Manufarsa ɗalibi ya san abin da sola ke iya yi masa da abin da ba ta iyawa, kuma ya iya yin lissafin gidansa da kansa kafin ya fitar da ko sisi.

Yadda abin yake aiki

Mu nan ba ma rasa rana. A yankinmu, kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana samun hasken rana da ya kai wajen yunit 6 a yini, irin yunit ɗin da ake loda wa mita mai kati. A bakin teku, kamar Fatakwal, wajen 4 ake samu saboda gajimare. Farantin sola na yanzu yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan haske ya zama lantarki. Na farko da ya yi amfani an ƙera shi ne a Amurka a 1954, kuma kashi 6 cikin ɗari kawai yake iya juyawa, ga tsada ta fitar hankali. Abin da ya kawo shi rufin talaka shi ne masana'antun ƙasar Sin, waɗanda suka riƙa ƙera shi da yawan gaske har farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. A nan gida ma ba baƙon abu ba ne ga masana, don tun 1982 akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma hasken rana na cikin manyan abubuwan da take nazari.

Kayan sola na gida huɗu ne. Farantin da ke kan rufi shi ke karɓar haske. Daga shi waya take saukowa zuwa wani ɗan akwati mai daidaita caji, wanda masu sana'ar ke kira kwantirola, aikinsa ya hana batir cika fiye da kima ko zuƙewa ƙarƙaf. Sai batir, inda ake ajiye wuta don dare. Na huɗu inbata, wadda ke juya wutar batir ta koma irin wutar layi, domin talabijin da firji su iya amfani da ita. Gidan da fitilu da fanka da caji kawai yake so yana iya yi ba inbata, muddin ya sayi fitilu da fankar da ke cin wutar batir kai tsaye, kuma wannan ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Ku ɗauki batir kamar randa. Da rana ana zuba mata, da dare ana ɗiba. Abin da aka zuba shi za a sha, kuma girmanta shi ne iyakar abin da za ta riƙe. Hasken rana kyauta ne, amma randar ba kyauta ba ce: a cikin kayan nan huɗu batir ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin darasin.

Ina ribar take?

Mu fara da aljihu. Ƙaramin janareta irin na gida yana shan wajen rabin lita a awa ɗaya. Mu ɗauka ana tayar da shi daga magariba zuwa ƙarfe sha ɗaya, awa huɗu, lita biyu ke nan. In lita tana naira 1,000, dare ɗaya ya ci 2,000, wata ya ci 60,000, shekara ta ci 730,000. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa fulogi da kuɗin makaniki ba, ba a sa ranar da gidan mai ya rufe aka koma wajen 'yan bumburutu ba. Bayan an biya duk wannan, da ƙarfe sha ɗaya an kashe inji, sauran daren kuma a yi ta fifita. Maigida ba ya jin nauyin kuɗin ne saboda kaɗan-kaɗan suke fita. Da za a ce ya ajiye su a asusu ya fasa a ƙarshen shekara, da ya riƙe baki.

Sola kuwa sau ɗaya take neman kuɗinta, a dunƙule, kuma nan ne wahalarta. Amma ku duba yadda kuɗi ke zuwa hannun mutanenmu. Manomin albasa a Aliero ba kullum yake ganin kuɗi ba. Sai ya cire, ko ya adana har ta yi daraja, motoci su zo su loda, sannan su shigo masa gaba ɗaya. Haka mai shinkafar rani a fadamar gulbin Zamfara, haka mai kiwon ragunan layya. Janareta yana bin irin wannan mutum bashi kowane dare, har da watannin da ba shi da ko kwabo. A ganina, ga wanda samunsa na kaka ne, abin da ake biya sau ɗaya ya fi dacewa da shi a kan abin da ake ciyarwa kullum. Faranti mai kyau masu ƙera shi suna ba da tabbacin shekara 25, kuma ko a lokacin bai mutu ba, ƙarfinsa ne ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Sai lafiya. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mutum yana barci take shiga jininsa ta hana shi ɗaukar iska mai kyau, ba tari ba shaƙewa, sai dai a wayi gari a tarar da shi. Sau da yawa jaridu sun kawo labarin iyali guda da suka rasu a dare ɗaya saboda an shigar da inji cikin ɗaki ko zaure don gudun ɓarayi ko ruwan sama. Aci-balbal da kyandir su ma suna da nasu: hayaƙi a idon yaro mai karatu, da gobara in barci ya kwashe mutum kusa da gidan sauro. Fitilar sola ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta da ƙara kuma, abin da maƙwabcin mai janareta ya fi kowa sanin darajarsa.

Ga zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40 a nan, kuma a 'yan shekarun nan azumi ya faɗo cikin bazara. Fanka ɗaya da za ta kwana tana juyawa a ɗakin tsohuwa, ko mai jego da jaririnta, ko majinyacin da aka kawo wajen masu ɗorin Aliero yana kwance ba ya iya motsi, ba abin alatu ba ce.

Ribar da aka fi mantawa ita ce ta sana'a, kuma mata ne suka fi cin moriyarta, don a cikin gida take. Firji mai ƙarancin cin wuta yana daskarar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da rana tsaka, lokacin da farantin ke kan ganiyarsa, yara su fitar da yamma. Tela yana ƙara awa biyu ko uku a kan keke da daddare gab da salla. Mai shagon caji a bakin kasuwar Jega ko a Andarai ba ya raba ribarsa da gidan mai. Mai ɗakunan haya kusa da jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, ya san ɗalibi yana tambayar wuta kafin ya tambayi kuɗin ɗaki. Ku ma da kuke wannan aji, yawancinku sai bayan isha'i kuke samun sukunin buɗe littafi.

Lissafi kafin saye

A jikin kowane kayan wuta akwai lamba da harafin W a gefenta, wato wat, ma'aunin yawan wutar da yake ci. A ninka wat da yawan awannin da ake kunna shi, a samu abin da ya ci a yini. Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya.

Mu ɗauki wani gida a Maiyama don misali. Ƙwan fitila biyar, kowane wat 7, awa biyar: 175. Fanka biyu masu cin wutar batir, kowace wat 25, awa takwas: 400. Talabijin mai wat 40, awa huɗu: 160. Waya huɗu, a ba kowace 10: 40. Jimla 775. Wuta tana zurarewa a waya da kwantirola da batir, don haka a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama 970, a ce 1,000. Ko da yake rana tana yini a sama, a lissafi awa biyar kawai ake ƙirgawa na cikakken ƙarfinta. A raba 1,000 gida biyar, an samu 200. Wannan gida yana buƙatar faranti mai wat 200 aƙalla, kuma mai hankali zai sa 300 saboda hadarin Agusta da hazon hunturu.

Yanzu batir. Kusan duk cin wutar gidan nan da dare ne, a ce 700. Batirin dalma mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana riƙe 12 sau 100, wato 1,200. Amma ba a zuƙe batirin dalma fiye da rabi, in ana so ya yi ƙarko, saboda haka 600 ne naka. Bai isa ba. Mai 150Ah yana riƙe 1,800, rabinsa 900, shi ne daidai. Batirin litiyam ya fi tsada a farko, amma ana iya shan kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa, kuma yana ninka na dalma shekaru.

Sai ku gwada dutsen guga na lantarki a kan wannan lissafi. Wat 1,000 yake ci. Awa ɗaya ta guga ta cinye fiye da abin da gidan nan gaba ɗaya ke ci a yini. Haka hita ta dafa ruwa, haka risho na lantarki. Duk abin da aikinsa zafafawa ne abokin gabar ƙaramar sola ne. A bar wa gawayi guga.

Daga nan wata dabara ta fito, wadda ta fi kowace rage kashe kuɗi: duk aikin da za a iya yi da rana, a yi shi da rana. Cajin waya da tocila, jan ruwa zuwa tanki, daskarar da ƙanƙara, a gama su tsakanin hantsi da la'asar, wuta na zuwa kai tsaye daga faranti. Abin da ya rage wa dare sai fitila da fanka, batir ƙarami ya wadatar.

Inda ake yin asara

Ga irin hirar da akan yi a shagon mai haɗa sola.

"Alhaji, me da me kake so ta ɗauka?"

"Ba wani abu ba ne, Malam. 'Yan fitilu ne da fanka."

"Ba firji?"

"To, akwai na uwargida, amma ba kullum ake kunnawa ba."

Wata uku bayan haka firji yana kwana a kunne, an ja waya zuwa ɗakin ƙane, an ƙara talabijin a zaure. Batir yana zuƙewa tun ƙarfe ɗaya na dare, kafin shekara ya daina riƙe caji, Alhaji kuma yana gaya wa jama'a a majalisa cewa sola yaudara ce. Mai haɗawa na kirki yakan nace sai ya shiga gidan ya ga kayan da idonsa. Wanda ya yanka maka farashi bai tambaye ka komai ba, ka nemi wani.

Akwai kuma jabu, kuma araha ba ta ado. Takardar da ke manne a bayan faranti kowa na iya buga ta. Ga hanyar ganewa: tafi da awon tela. Faranti mai kyau yana ba da wajen wat 200 a kowace murabba'in mita ɗaya. In ka auna ka ga tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa rabin mita, bai wuce wat 100 da 'yan kai ba, ko da an rubuta 300 da manyan baƙaƙe. Batirin dalma kuma nauyinsa ne shaidarsa. Na gaske mai 200Ah ya haura kilo 50, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. A karɓi rasit, a sa mai shago ya rubuta tsawon garanti da hannunsa.

Wajen ɗorawa, farantin ya kalli kudu. In ka fuskanci gabas, kudu na hannunka na dama. A ɗan jingina shi kaɗan, kamar digiri 10 zuwa 15, don ruwan sama ya riƙa wanke shi yana gangarewa. Kada inuwar darbejiya ko tankin ruwa ta faɗa masa, domin inuwa a kusurwa ɗaya tana iya rage wutar farantin gaba ɗaya. Mutane da yawa suna zaton zafi ne ke ba da wuta, alhali haske ne. Zafi ma rage ta yake yi. Farantin da aka manna a jikin kwano da tsakar bazara yana iya yin zafin da zai rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da rufi iska ta riƙa ratsawa, a kuma ɗaure shi da ƙarfe da noti, ba da waya ko dutse ba, saboda guguwar da ke gabatar ruwan farko.

Da hunturu, ka hau ka shafa yatsa a kan gilashin, za ka ga layi ya fito fes a tsakiyar jan ƙura. Wannan ƙurar tsakaninka take da wutarka. A wanke shi sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin ya ɗau zafi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Ba a sa omo, ba a sa soson ƙarfe, ba a taka shi, ba a kuma watsa masa ruwan sanyi da rana tsaka, gilashin na iya tsagewa. Kashin tsuntsu a jiƙa shi ya yi laushi kafin a goge.

Batir yana son wuri mai sanyi da iska. Zafi yana rage masa kwana sosai, don haka kada a ajiye shi a ɗakin da rana ke duka ko kusa da murhu. Irin wanda ake zuba wa ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da mutane ba, kuma ruwan batir kaɗai ake ƙara masa, ba na rijiya ba. In ya mutu a mayar wa dillalan da ke sayen tsofaffi. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da abin da ke ciki. Dalma guba ce. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, nan maƙwabtanmu.

Wanda ba shi da kuɗin a dunƙule yana da hanya biyu. Akwai kamfanoni irin su Sun King da d.light da ke ba da ƙananan kayan sola a biya kaɗan-kaɗan ta waya. In an daina biya na'urar takan kulle kanta, in an kammala ta zama taka. Kafin ka sa hannu ka ninka kuɗin mako da yawan makonnin, ka kwatanta da farashin saye nan take, don bambancin yakan yi yawa. Hanya ta biyu ita ce a fara da kaɗan: faranti ɗaya, ƙaramin batir, fitila uku da wurin caji, amma a sayi kwantirola mai ɗan girma tun farko, yadda in an sayar da amfanin gona baɗi za a ƙara faranti ba tare da an canza ta ba. Wasu sukan shiga adashi musamman don wannan. Batir ne kawai ba a haɗa sabo da tsoho, don tsohon yana janyo sabon ƙasa.

Aiki

Ka zagaya gidanka ka rubuta duk kayan wutar da ke ciki, da lambar wat ɗin kowane, da awannin da ake kunna shi. Ka fitar da jimlar yini kamar yadda aka yi wa gidan Maiyama, sannan ka lissafa girman faranti da batirin da za su ishe ka.

Daga cikin abubuwan da ka rubuta, waɗanne ne za a iya mayar da aikinsu rana? Sake lissafin batir bayan ka cire su, ka ga nawa ya ragu.

Ka rubuta abin da gidanku ke kashewa a mako ɗaya a kan fetur, da kananzir, da batirin tocila, da cajin waya. Ka ninka shi sau 52.

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya je shago biyu a Jega ko Birnin Kebbi, ko wajen mai haɗa sola na garinku, ya tambayo farashin faranti mai wat 300 da batir mai 150Ah da kwantirola da kuɗin aiki, ya kuma auno tsawo da faɗin farantin da aka nuna masa. A zo da amsoshin aji na gaba, za a raba jimlar farashin da abin da kowa ke kashewa a wata, a ga wata nawa kayan za su mayar da kuɗinsu a kowane gida.